Mu 'yan Sabo, a ina ake ƙirga mu?

Tun da na fara karatun digiri na biyu a fannin nazarin yawan jama'a a jami'ar Ile-Ife, tambayar da na fi sha a gida ita ce: wai mutum ya bar kasuwa ya tafi koyon ƙirga mutane? Amsata tana cikin wani abu da na gani da idona a Sabon Ibadan, inda aka haife ni.

A watan Maris na 2006, ana gab da ƙidaya, kawuna ya kwashe iyalinsa kaf ya yi arewa. Na ce, "Kawu, ai a nan kake shekara talatin." Ya ce, "Ɗana, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A garinmu za a ƙirga ni." Ba shi kaɗai ba ne, gidaje da yawa a layinmu a kulle masu ƙidaya suka tarar da su. A lokacin ban ga laifinsa ba. Sai da na karanta tarihin abin na gane inda wannan tunani ya samo asali.

A zamanin Turawa, ƙirga mutane tafe yake da haraji, ƙirga shanu kuma da jangali, don haka talaka ɓuya yake yi. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba da mutum miliyan 30 da ɗoriya, kuma da yawan jama'a aka raba kujerun majalisa: a zaɓen 1959 Arewa ta samu 174 daga cikin 312. Daga nan labari ya sha bamban. Wanda jiya ke ɓoye 'ya'yansa, yau so yake a ƙirga har da na ciki. An soke ƙidayar 1962 saboda rigima. Ta 1963 ta ce miliyan 55.6, aka karɓa da ƙorafi. Ta 1973 ta ce miliyan 79.8, Janar Murtala ya soke ta a 1975. A 1991 aka samu kusan miliyan 89, a 2006 kuma miliyan 140, inda Kano ta ɗan ɗara Legas, aka yi ta cacar baki. Wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi.

To ina mu a cikin wannan lissafi? An kafa Sabon Ibadan a 1916. Abner Cohen, masanin zamantakewa da ya zauna cikin kakanninmu a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 kan yadda fataucin shanu da goro ya riƙe unguwar, da matsayin masu gida da dillalai da ɗarikar Tijjaniyya. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya kan hira ba, sai da ya bi ya ƙirga mutanen unguwar. Amma ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba, don gudun fitina. Ke nan babu wani adadi na hukuma da zai gaya maka yawan Hausawan Ibadan ko Shagamu ko Agege.

Wannan ne ya sa karatun namu ba ya tsayawa a fage ɗaya. Lissafi zai nuna maka cewa alƙaluma sun karkace, misali yadda mutane ke tara shekarunsu kan 30 da 40 da 50. Amma sai da tarihi za ka san dalilin tsoron mai ƙidaya. Sai da ilimin zamantakewa za ka gane wa ake kira "iyali" a gidan da baƙi goma ke kwana a zaure. Tattalin arziki ke bayyana ɗan cirani, kiwon lafiya kuma ya bayyana haihuwa da mutuwar yara. Da za a cire ɗaya, sauran gurguwar fahimta za su bayar.

Ga inda gizo ke saƙar. A Najeriya ana ƙirga mutum ne a inda aka same shi ranar ƙidaya. Wanda ya tafi arewa ya ƙara wa garinsu lamba, amma matarsa a Ibadan za ta haihu, 'ya'yansa a nan za su shiga firamare. Idan aka zo tsara asibiti ko aji ko famfo, da alƙaluman da babu su a ciki za a yi. Mu ne kuma za mu dawo muna cewa an manta da Sabo.

Kawu ya tsufa yanzu, jikokinsa Yarbanci ya fi zama a bakinsu. Kwanan baya na sake tayar masa da zancen, ya yi shiru, sannan ya ce, "In an sake yi ina raye, a nan za su same ni." Shawarata ga matasanmu biyu ce: duk ranar da aka zo ƙidaya mu zauna inda muke, kuma a samu wasu daga cikinmu su shiga wannan fanni. Allah Ya sa mu dace, amin.