Gizo-gizo a cikin gida: abin da damina, kaka, hunturu da bazara ke sauyawa

A Marwa da Garwa da Injamena, kamar a sauran garuruwan Sahel, matan gida sun san akwai lokacin da za a share yana da safe, kafin kwana biyu ta dawo. Akan ce gizo-gizo ya shigo daga waje. Amma yawancin waɗanda ake gani a kusurwar ɗaki a nan aka ƙyanƙyashe su, a nan suke zaune duk shekara. Yanayi yana sauya yawan abincinsu da laimar da suke samu da kuma lokacin yawonsu ne.

Masana sun tantance nau'in gizo-gizo sama da 50,000 a duniya. Dukkansu ƙafa takwas gare su, kuma ɗumin jikinsu yana bin na wurin da suke. Shi ya sa zafi da sanyi ke juya rayuwarsu.

Damina

Daga Yuni zuwa Satumba sauro da ƙuda da shinge da sauran ƙwari suna yawaita, fitila kuma tana janyo su bakin ƙofa da taga. Inda abinci ya taru, nan gizo-gizo ke kafa saƙarsa, ya yi ƙwai da yawa. Ruwan sama mai ƙarfi kuma yana cika ramukan waɗanda ke zaune a ƙasa, sai su hau bango ko su kutso ta ƙarƙashin ƙofa. A Kumasi, inda ake damina biyu a shekara, da Duwala mai yawan ruwa, wannan hali yana daɗewa fiye da arewa.

Kaka

Yanzu 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe da damina sun girma, mazan nau'o'i da dama sun bar maɓoyarsu suna neman mata, don haka ake cin karo da su a fili. Haka ma yake faruwa a Faransa da Ingila cikin Satumba da Oktoba. A wajenmu akwai ƙari: dammunan gero da dawa, da harawa da kara da itacen girki, duk suna shigowa gida da gizo-gizo da jakar ƙwansa a maƙale.

Hunturu

Idan iskar hunturu ta taso, ƙwari suna raguwa, gizo-gizo ya rage motsi. Sai dai a wannan lokaci ne yana ta fi fitowa fili, domin ƙura tana manne mata. Yawancinta tsohuwar saƙa ce da mai ita ya bari. Busasshiyar iska tana zuƙe musu ruwan jiki, sai su koma gindin randa da banɗaki da bayan kwatarniya.

Bazara

A Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a garuruwan Sahel. Da rana suna laɓewa a tsagar bango da ƙarƙashin kaya, da dare su fito farauta, daidai lokacin da mutane ke shimfiɗa a tsakar gida. A nan ake ganin wani babba mai gashi, mai gudun tsiya, yana zagaya fitila. Ɗan uwan gizo-gizo ne da kunama, yana iya cizo idan aka matsa masa, amma ba shi da dafi.

Ina haɗarin yake?

Mafi yawan gizo-gizon gida ba sa cutar da mutum, sauro da ƙuda suke rage mana. A gaɓar tafkin Biktoriya, a Kenya da Yuganda, har akwai wani ƙarami mai tsalle da ya fi son sauron da ya sha jini. Wanda ya kamata a kiyaye shi ne wani mai ruwan ƙasa da ƙullutun ciki, da tambari ruwan lemo a ƙasan cikin, jakar ƙwansa kuma tana da tsini kamar ƙaya. Yana son ƙarƙashin kujera da tsofaffin bokitai. Cizonsa na da zafi, kuma idan ciwon ya bazu, ko jiki ya ɗaure, ko yaro ne aka ciza, a garzaya asibiti.

Ƙurajen da ake tashi da su kamar ƙuna, a ce tautau ya yi wa mutum fitsari, sau da yawa aikin wani siririn ƙwaro ne mai baƙi da ja da ke bin fitila da damina. Idan aka murje shi a fata, ruwan jikinsa ne ke ƙona ta. A hure shi kawai, a wanke wurin da ruwa da sabulu, kada a taɓa ido.

Abin yi

A share yana da jakar ƙwai kafin damina ta kankama. A toshe tsagar bango, a sa raga a taga, a nisanta fitilar waje da ƙofa. Itace da harawa a ajiye su nesa da ɗakin kwana. A kaɗe takalmi da tabarma kafin amfani, a soke gidan sauro ƙarƙashin katifa. Fesa maganin ƙwari a rufaffen ɗakin da yara ke kwana ya fi gizo-gizon kansa illa, kuma muddin ƙwari na nan, wani zai maye gurbinsa.