Ƙwaya ce ko ƙulli? Gardamar da ta raba gidan APL gida biyu

Yau zan koma da ku baya kaɗan, zuwa wata gardama da masu rubuta manhaja suka yi, wadda har yanzu ɓurɓushinta yana cikin kwamfutar duk mai lissafi da Python.

Bari mu fara da Kenneth Iverson, ɗan ƙasar Kanada. Yana koyarwa a jami'ar Harvard ya ƙirƙiro wata hanyar rubuta lissafi, ya koma kamfanin IBM a 1960, ya fitar da littafi a kanta a 1962. Daga nan yaren APL ya fito, ya fara aiki a kan injinan IBM a 1966. Dabararsa ita ce komai jeri ne. Kana da lambobi dubu, ka ce a ƙara ɗaya, duka za su ƙaru lokaci guda, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba.

Amma akwai sharaɗi. Jerin ko dai lambobi zalla, ko haruffa zalla. Ƙwayoyi kawai, kamar gero a cikin kwano. To idan kana son jera sunayen mutane fa, wani gajere wani dogo? Sai dai ka cika gajerun da fili har tsawonsu ya zo daidai. Wahala ce.

Mafita kowa ya yarda da ita: a bari a ɗaure jeri guda a mayar da shi ƙulli, kamar ƙullin gyaɗa a leda, sannan a jera ƙulle-ƙullen. Inda aka rabu shi ne tambaya ɗaya tak: idan ka ɗaure ƙwaya ɗaya, a ce lamba 5, me ka samu?

Jim Brown na IBM, wanda ya yi digirinsa na uku a kan wannan batu a 1971, ya ce 5 ɗin ce dai, ɗaurin bai canza komai ba. A kan haka aka gina APL2 da ya fito a 1984, kuma Dyalog APL ma nan ya bi. Shi kuwa Iverson, wanda ya bar IBM a 1980 ya koma kamfanin I. P. Sharp a Toronto, ya ce a'a. Ƙulli ƙulli ne, ko me ke ciki. Da shi da Roger Hui suka fito da yaren J a 1990, haka suka yi: in ka saka 5 a akwati ka ce a ƙara mata 1, J zai ƙi, sai ka buɗe akwatin tukuna.

Hanyar Brown ta fi daɗin rubutu, wannan gaskiya ne. Amma ku ga inda take cizo. Ɗauki kalmomi uku: ruwa, a, rijiya. A APL2, “ruwa” ƙulli ne, “rijiya” ƙulli ne, amma “a” harafi ɗaya ce, don haka ƙwaya ce tsirara a tsakaninsu. Ka tambayi tsawon kowace, za ka samu 4 da 6, ita kuwa ta tsakiya ba za ta ba ka 1 ba, amsar wofi za ta dawo maka. Manhajarka tana aiki lafiya wata da watanni, ranar da kalma mai harafi ɗaya ta shigo sai ta birkice. Shi ya sa ni dai a wannan gardama ina bayan Iverson. Gara injin ya yi min tsawa yau, da ya yi shiru ya ba ni amsar banza gobe.

Kada ku ce wannan labarin tsofaffi ne. NumPy, wanda Travis Oliphant ya fitar da cikakken zubinsa na farko a 2006, jikan wannan tunanin ne. Jerin lambobi a cikinsa suna kwance ne kusa da juna, kowace da gurbinta daidai wa daida, shi ya sa yake da sauri. Amma ka jefa None guda ɗaya a ciki, sai jerin duka ya koma nau'in object. Yanzu ba lambobin yake riƙe da su ba, adireshin inda kowace take kawai yake riƙe da shi, kuma saurin ya tafi. Ba zai yi maka gargaɗi ba. Don haka in lissafinka ya fara jan ƙafa ba dalili, duba dtype kafin ka zargi kwamfutarka.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.