Biyan Asibiti Bisa Adadin Kawuna da Zuwan Marasa Lafiya na Jeka-ka-dawo a Jos

Tun da shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, hanya biyu ake bi wajen biyan asibitoci a Nijeriya. A matakin farko na kula da lafiya, kamfanonin inshorar lafiya (HMO) na ba asibiti ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba. A mataki na biyu kuwa, aikin da aka yi shi ake biya, bayan an nemo lambar izini. Matsayin wannan maƙala shi ne, wannan rabo ya fi yawan masu katin inshora tasiri a kan yadda marasa lafiya na jeka-ka-dawo ke amfani da asibiti a Jos, inda ma'aikatan tarayya ke ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, na jiha kuma ƙarƙashin takwararta ta jiha, PLASCHEMA, da aka kafa da dokar 2019.

Ga majinyaci, kati sauƙi ne: ba ya biyan kuɗin ganin likita, kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani kawai yake cirewa daga aljihu, don haka zai fi zuwa da wuri. Ga asibiti, kowane zuwa ɗawainiya ce da ba ta ƙara masa sisi. An ɗaga kuɗin kowane kai daga naira 550 zuwa 750 a 2012, aka bar shi haka fiye da shekara goma yayin da farashin magani ya yi ta ninkawa, sai a 2024 aka sake waiwayarsa. Asibitin da ke wannan hali ba zai kori kowa ba, sai dai ya rage abin da yake bayarwa. Mai hawan jini ya bi layi tun safe, likita ya rubuta masa magani, a taga a ce babu, ya tsallaka kyamis ya saya da kuɗinsa. A rajista an rubuta zuwa ɗaya. Wata mafitar ita ce tura majinyaci gaba, inda kowane aiki ke da farashinsa, lamarin da ke karkatar da jama'a zuwa manyan asibitoci irin JUTH da ke Lamingo.

Wani zai ce biyan kawuna ya yi nasara a Tailan, inda zuwa asibiti ya ƙaru bayan shirin kula da kowa na 2002. Haka ne, amma can daga haraji ake ware kuɗin, ana kuma sake lissafa shi kowace shekara. Gana ta gwada tsarin a yankin Ashanti daga 2012, asibitoci suka yi ta ƙorafin kuɗin bai isa ba, aka dakatar da shi a 2017. Wani kuma zai ce a koma biyan kowane aiki, sai dai wannan na kwaɗaita yawan gwaje-gwaje da yawan “ka dawo mako mai zuwa”. Saboda haka duk binciken da zai auna tasirin tsarin a Jos ba zai tsaya ga ƙirga masu zuwa ba. Sai ya bi takardar magani ya ga inda aka biya ta, ya kuma ƙirga waɗanda aka tura gaba da cutar da ƙaramin asibiti zai iya.