Tarihin Damar 'Yan Jarida ta Ganin Rufaffun Takardun Kotu a Amurka

A kotunan Amurka alƙali yana da ikon ba da umarni a rufe wata takardar shari'a, ko ma fayil ɗin ƙarar baki ɗaya, ta yadda babu mai gani sai shi da lauyoyin ɓangarorin biyu. Dalilan da akan bayar su ne kare ran mai ba da shaida, rufa asirin yaron da aka ci wa zarafi, hana wanda ake bincike tserewa, ko gudun kada surutun gari ya juya tunanin masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, wato mutanen gari da ake zaɓowa su saurari shaida. Yawancin ƙa'idojin da suka yi wa wannan iko iyaka sun fito ne daga Kotun Ƙoli tsakanin 1978 da 1986, kuma kafafen yaɗa labarai ne suka kai ƙararrakin.

Amurka ta gaji yin shari'a a bainar jama'a daga Ingila. Gyara na shida na kundin tsarin mulkinta, wanda ya fara aiki a 1791, ya ba wanda ake tuhuma 'yancin a yi masa shari'a a fili, gyara na farko kuma ya kare 'yancin jarida. Babu wanda ya ambaci takardu a cikinsu, kuma babu wanda ya faɗi abin da za a yi idan wanda ake tuhumar da kansa ya nemi a rufe ƙofa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne shari'ar Sam Sheppard, likita a jihar Ohio da aka samu da laifin kashe matarsa a 1954. A 1966 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, saboda alƙalin ya bar 'yan jarida sun mayar da kotu kasuwa. Daga nan alƙalai suka riƙa hana jaridu buga abin da suka ji, har zuwa 1976 lokacin da Kotun Ƙoli, a wata ƙara daga Nebraska, ta kusa haramta irin wannan umarni gaba ɗaya. Da aka toshe wannan hanya sai alƙalai suka koma rufe zama da rufe takardu, tunda abin da ɗan jarida bai gani ba babu yadda zai buga.

Hukunci na farko a kan takardun kansu ya zo a 1978, daga badaƙalar Watergate. An saka kaset-kaset na hirarrakin Shugaba Richard Nixon a shari'ar mukarrabansa, gidajen rediyo da talabijin kuma suka nemi a ba su kwafe. Kotun Ƙoli ta amince cewa bisa al'adar shari'a jama'a na da damar duba takardun kotu da kwafarsu, amma ta ce damar tana ƙarƙashin hikimar alƙali, sannan ta hana kaset ɗin domin majalisa ta riga ta yi doka a 1974 kan yadda za a fitar da kayan Nixon. Shekara guda bayan wannan hukunci, a ƙarar kamfanin jaridu na Gannett, alƙalai biyar cikin tara suka ce 'yancin shari'a a fili na wanda ake tuhuma ne, ɗan jarida ba shi da ikon dogara da shi. Kotunan ƙasa suka ɗauki wannan a matsayin izini, rufe zama ya yawaita.

Gyaran ya zo da wuri. A jihar Birjiniya an gurfanar da wani mutum karo na huɗu kan kisan manajan otal. Lauyansa ya nemi a fitar da kowa, mai gabatar da ƙara bai ƙi ba, alƙali ya amince, aka yi shari'ar a ɓoye, aka sallami mutumin. Jaridun birnin Richmond suka ɗaukaka ƙara, kuma a 1980 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gyara na farko ya ba jama'a da 'yan jarida damar halartar shari'ar laifi. A 1982 ta soke dokar Massachusetts da ta wajabta rufe kotu duk lokacin da yaron da aka yi wa fyaɗe zai ba da shaida, ta ce a duba kowace ƙara da halinta.

Jarida ɗaya ce, Press-Enterprise ta garin Riverside a Kalifoniya, ta kai maganar kan rubutaccen kundin zaman kotu, har sau biyu. A ta farko an shafe mako shida ana tantance masu taimaka wa alƙali a shari'ar fyaɗe da kisa, kwana uku kacal aka bar ƙofa a buɗe, kuma ko bayan an yanke hukuncin kisa alƙali ya ƙi sakin kundin. A 1984 Kotun Ƙoli ta ce ba a rufewa sai da babban dalili da ya rinjayi haƙƙin jama'a, rufewar ta tsaya daidai inda buƙata ta tsaya, alƙali kuma ya rubuta hujjarsa yadda kotun gaba za ta iya auna ta. Ta biyun ta shafi wani ma'aikacin jinya da aka tuhuma da kashe majinyata 12. Zaman share fagen shari'arsa ya ɗauki kwana 41 a ɓoye, aka kuma rufe kundin. Hukuncin 1986 ya kafa ma'auni mai tambaya biyu: shin an saba yin irin wannan zama a fili tun da can, kuma shin idon jama'a yana ƙara masa inganci? Idan amsar duka biyun e ce, nauyin kawo hujja yana kan mai son a rufe.

Da wannan ma'auni kotunan ɗaukaka ƙara suka buɗe takardu iri-iri, har da yarjejeniyar amsa laifi da rajistar da ke nuna abin da aka shigar a kowace ƙara. Yau jarida takan shigar da buƙatar a sa ta cikin ƙara don neman buɗewa kawai, alƙali ya saurari kowa, sau da yawa ya saki takardar bayan an shafe sunaye da wuraren da ke da haɗari.

Akwai wuraren da damar ba ta kai ba. Zaman kwamitin mutanen gari da ke tantance ko a tuhumi mutum a asirce ake yin sa, dokar shari'ar laifi ta tarayya ta tsare wannan sirri. A kan takardar rantsuwar da 'yan sanda ke gabatarwa don samun izinin binciken gida kuwa, kotunan ɗaukaka ƙara sun rabu, musamman idan bincike bai ƙare ba. Wannan giɓi yana da nauyi, domin Kotun Ƙoli da kanta ta lura a 2012 cewa kashi 97 cikin ɗari na hukuncin samun laifi a kotunan tarayya daga amsa laifi suke fitowa. Ke nan yawancin ƙararraki ba sa kaiwa ga zaman da ɗan jarida zai shiga ya saurara, abin da ya faru yana cikin fayil, kuma masu gabatar da ƙara sukan nemi a rufe shi idan wanda ya amsa laifin yana tona asirin abokansa. Sanya takardun kotunan tarayya a intanet ta tsarin PACER ya ƙara fargabar masu gabatar da ƙara, tunda kowa na iya gano wanda ya haɗa kai da hukuma.

Hanyar tsakiya ta bayyana a fili a watan Agustan 2022, bayan jami'an FBI sun binciki Mar-a-Lago, gidan Donald Trump a Filorida. Kafafen yaɗa labarai suka nemi takardar rantsuwar da aka dogara da ita, ma'aikatar shari'a ta ƙi don kare shaidu da binciken. Alƙali Bruce Reinhart ya umarci a kawo masa kwafen da aka shafe wuraren sirri, ya duba, aka kuma sake shi ranar 26 ga watan, shafuka da dama an lulluɓe su da baƙi.