Kanwa da Lemon Kwalba a Kasuwar Potiskum

Iskar da ke sa lemon kwalba ya yi kumfa, wadda masana ke kira kabon dayoksaid, ta riga kwalba zuwa Potiskum. A cikin kanwa ta zo. Tun zamanin daular Borno ake haƙar kanwa a tafkunan ƙasar Manga, wadda wani yankinta ke arewacin Jihar Yobe ta yau, ana kuma ciro ungurnu, wata irin kanwa, daga gaɓar Tafkin Chadi. Fatake kan ɗora ta a kan jakuna da takarkarai su yi kudu da yamma da ita. Garin da ke da kasuwar shanu irin ta Potiskum ba ya rabuwa da kanwa, domin makiyaya na ba dabbobinsu ita, mata kuma na zuba ta a ɗanwake da kunu da miyar kuɓewa.

Kanwa gishiri ce mai ɗauke da sodiyam kabonet da baikabonet, kuma iskar a ɗaure take a jikinta. Tsami ne ke kwance ta. Idan aka ɗiga ruwan tsamiya ko na lemon tsami a kan garin kanwa, nan take zai hau tsuwa, ƙananan ƙwayoyin kumfa su taso su fashe, abin da ya rage ya zama ruwa da wani gishiri dabam. Haka ma a cikin mutum: wanda ƙwannafi ya dama ya sha jiƙon kanwa, sai ta gamu da tsamin ciki, iskar ta fita da gyatsa. Magabata sun daɗe da sanin amfanin wannan, kuma ganinsu daidai ne, ko da yake yawan shan kanwa na da illa ga mai hawan jini.

Cusa iskar cikin ruwan sha kuwa a Turai aka fara shi. A 1772 Joseph Priestley na Ingila ya wallafa yadda ake zuba asid a kan alli a tura iskar da ta fito cikin ruwa. Jacob Schweppe ya mayar da abin sana'a a Janeba a 1783, sannan a 1892 William Painter ya ƙirƙiro murfin ƙarfe mai haƙora a Amurka. A Najeriya kuwa, an kafa kamfanin Nigerian Bottling Company a 1951, kamfanin Seven-Up ya fara aiki a Legas a 1960, daga baya masana'antun Kano suka kusanto da lemon ga Arewa. Zaman Potiskum a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri ya sa akwatunan lemon suka cika tasha da shaguna.

A masana'anta ana sanyaya ruwan a danna masa iskar da ƙarfi, har ta ninka girman ruwan sau uku ko huɗu a lemo irin na kola. Kaɗan daga cikinta na haɗuwa da ruwan ta zama asid mai rauni, wanda ke cikin abin da ke tsikarar harshe. Da an ɓalle murfi sai matsi ya sauka, iskar ta kama hanyar fita. Ruwan ɗumi ba ya riƙe ta kamar mai sanyi, shi ya sa a bazarar Potiskum, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kwalbar da ta sha rana ke tumbatsa ta salance da wuri, kuma mai sayar da lemo ba ya ciniki sai da ƙanƙara a cikin kula.