Kunamar Bindigar Kaboyi: Abin da Fim Bai Nuna Maka Ba

Mai karatu, in ka ci zamanin fina-finan kaboyi a silima, ba za ka manta da salon nan ba: jarumi ya zaro bindiga daga ƙugu, ya riƙa dukan ƙeyarta da tafin hannu, kafin ƙiftawar ido mutum huɗu sun zube. Clint Eastwood ya yi haka a A Fistful of Dollars na 1964, 'yan kallo suka yi ta tafi. To amma sirrin ba a hannun jarumin kaɗai yake ba, yana cikin kunamar.

Bindigar da aka fi alaƙantawa da kaboyi ita ce wadda kamfanin Colt ya fitar a Amurka a 1873, mai cin harsashi 6. Kunamarta aiki ɗaya ta sani: sakin 'yar gudumar da ke baya. Sai ka ɗana gudumar da babban yatsa tukuna, daga nan taɓawa kaɗan ta isa. Wani ɗan siririn haƙorin ƙarfe ne kawai ke riƙe da ita. Duk da haka akwai masu ganin ba ta yi laushi ba, su zauna a gida da magagari suna goge haƙorin. Kai ma ka san abin da zai biyo baya: haƙori ya cinye, guduma ta zame ba da izinin kowa ba.

Ko ba a goge ba ma, bindigar ba ta da amana. A Janairun 1876, a garin Wichita, ta Wyatt Earp, ɗan sandan nan da aka yi ta shirya fina-finai a kansa, ta suɓuto ta faɗi ƙasa ta tashi, harsashin ya huda masa kwat. Shi ya sa masu hankali kan ɗura 5 kawai, su bar gudumar a kan gurbin da babu komai. Wannan kam ba kasafai darakta ke nuna maka ba.

Maƙera sun daɗe suna neman magani. Tun 1851 Robert Adams a Ingila ya ƙera wadda kunamarta ke ɗanawa ta kuma saki, sai dai ja da ƙarfi. A 1973 kamfanin Ruger ya saka wani ƙarfe a tsakani, wanda ke hana tashi sai an ja kunama.

Tsohuwar ƙirar kuwa tana nan a masana'antar fim. Ranar 21 ga Oktoba, 2021, wajen ɗaukar fim ɗin Rust a jihar New Mexico, wata kwaikwayon Colt ɗin 1873 ta tashi a hannun Alec Baldwin, da harsashin gaske a ciki. Mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta mutu, darakta Joel Souza ya ji rauni. Baldwin ya dage cewa guduma kawai ya ja baya, bai taɓa kunama ba. Hukumar FBI ta gwada bindigar, ta ce in kayan cikinta lafiya lau suke, ba ta tashi sai an ja kunamar, kuma a garin gwajin ne ma suka karye. A 2024 aka ɗaure mai kula da makaman fim ɗin wata 18, shi kuwa Baldwin alƙali ya kori ƙararsa a watan Yuli, saboda masu gabatar da ƙara sun ɓoye wata shaida.