Alkawura 17: Yadda Afirka ta Kudu ta Ɗauki Nauyin Gasar Kofin Duniya ta 2010

Ranar 15 ga Mayu, 2004, a birnin Zurich, sa'ad da shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya FIFA, Sepp Blatter, ya zaro takarda daga ambulan ya nuna sunan Afirka ta Kudu, wadda ta sami ƙuri'a 14 a kan 10 na Maroko, alhali Masar ba ta sami ko ɗaya ba, abin da idon jama'a ya gani shi ne dattijo Nelson Mandela, yana da shekara 85, rungume da kofin zinariya fuskarsa cike da annuri. Amma abin da ya ɗaure ƙasar tun daga wannan rana, ya kuma mallaki shekara shida na rayuwar hukumominta, shi ne wasu takardu 17 na lamuni waɗanda ma'aikatun gwamnati suka rattaba wa hannu, kowace tana ɗaukar wa FIFA alkawari a kan sha'anin da ke ƙarƙashin ikonta.

Duk wanda ya duba abin da alkawuran nan suka ƙunsa zai gane cewa ƙwallo ita ce mafi ƙanƙantar abin da ke cikin gasar ƙwallo. Ma'aikatar harkokin cikin gida ta yi alkawarin ba da izinin shiga ƙasa da izinin aiki ba tare da jinkiri ba. Ma'aikatar kuɗi ta yi alkawarin yafe haraji da kuɗin fito, da barin kuɗin waje ya shiga ya fita ba shamaki. 'Yan sanda suka ɗauki amanar rayuka da dukiyoyi. Ma'aikatun sufuri da lafiya da sadarwa kowace ta ɗauki nata kaso. Har ma aka yi alkawarin cewa za a ɗaga tutar kowace ƙasa, a rera takenta, ko da akwai saɓani tsakaninta da masu masauki. Da yake wasu daga cikin sharuɗɗan sun ci karo da dokokin ƙasa, sai majalisa ta zartar da dokoki biyu na musamman a 2006, waɗanda suka jingine wasu ƙa'idoji na ɗan lokaci, kamar na sayar da barasa da na rajistar likitocin da ƙungiyoyin waje za su zo da su. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, kuma gaskiya ne karrama baƙo wajibi ne. Sai dai a nan baƙon ne ya rubuto sharuɗɗan saukarsa, mai gida kuwa ya gyara shari'arsa domin ta dace da su, wannan kuma al'amari ne da bai kamata a wuce shi da sauƙi ba.

Babbar mas'alar da ta fuskanci mahukunta ita ce rarrabuwar iko, domin mulkin ƙasar hawa uku ne, gwamnatin tarayya da larduna tara da hukumomin birane, kuma filin wasa na birni ne, kuɗin gina shi yana baitulmali, 'yan sandan da za su tsare shi suna karɓar umarni daga tarayya, titin da zai kai mutum ƙofarsa kuwa wani na lardi ne wani na birni. Domin kada kowa ya ja nasa ɓangare, aka kafa kwamitin ministoci a ƙarƙashin mataimakiyar shugaban ƙasa Phumzile Mlambo-Ngcuka, a bayansa kuma kwamitin ƙwararru wanda ke bin diddigin ayyuka, aka ɗora mataimakin ministan kuɗi, Jabu Moleketi, a kansa. A ganina nan hikimar tsarin take, gama da an bar jagoranci a hannun ma'aikatar wasanni kaɗai, wadda ba ta da ikon tilasta wa takwarorinta komai, da an yi ta taro ana watsewa ba a ga aiki ba. Amma da aka zaunar da mai riƙe da makullin baitulmali a kan kujera, sai maganar kwamiti ta zama magana mai nauyi. Kuɗin ma ba a zuba shi cikin asusun birane haka kawai ba: an ware shi a matsayin tallafi mai sharaɗi, na filayen wasa ya bi ta ma'aikatar wasanni, na hanyoyi da motocin haya ya bi ta ma'aikatar sufuri, ba a kuma yarda birni ya karkatar da shi zuwa wata buƙata ba.

Sai dai kyawun tsari bai hana kuɗi hauhawa ba. Lissafin da aka gabatar lokacin neman gasar a 2003 ya ƙiyasta cewa gwamnati za ta kashe wajen rand biliyan 2.3, amma kafin 2006 ta ƙare ministan kuɗi Trevor Manuel ya ware biliyan 8.4 domin filayen wasa kaɗai, wannan ma bai isa ba. Filaye goma aka tanada a birane tara, biyar sababbi fil, biyar kuma gyara. Labarin Cape Town ya isa misali, domin mahukuntan wurin sun so a yi wasa a Athlone, unguwar talakawa masu son ƙwallo, inda tuni akwai fili da za a iya faɗaɗawa, amma FIFA ta fi son Green Point, tsakanin teku da Dutsen Tebur, inda hoton talabijin zai fi ƙayatarwa. Da Helen Zille ta hau kujerar magajin gari a 2006 ta dakatar da aikin tana neman a faɗa mata wanda zai biya, daga bisani aka daidaita, aka gina filin a kan kuɗi sama da rand biliyan 4.

Jarrabawa kuwa ba ta yanke ba. A watan Janairu na 2008 wutar lantarki ta yi ƙaranci har aka rufe manyan ma'adinai na 'yan kwanaki. A watan Satumba na shekarar jam'iyyar ANC ta tilasta wa shugaba Thabo Mbeki sauka, Mlambo-Ngcuka da Moleketi suka ajiye muƙamansu tare da shi. A watan Yuli na 2009 kuma magina wajen 70,000 suka yi yajin aiki na mako guda, ba su koma ba sai da aka yi musu ƙarin kashi 12 cikin ɗari. Shugabanni uku ƙasar ta yi a tsakanin samun gasar da buɗe ta, Mbeki da Kgalema Motlanthe da Jacob Zuma, amma aikin bai tsaya ba, saboda an riga an kafa shi cikin doka da kasafin kuɗi, kuma ranar buɗe gasar, 11 ga Yuni, 2010, wa'adi ne da babu mai ikon ɗaga shi. Mai karatu a Nijeriya ba zai manta da 1995 ba, lokacin da FIFA ta karɓe gasar matasa ta duniya daga hannun ƙasarsa ana gab da farawa, bisa hujjar ɓarkewar cututtuka, ta kai ta Katar. Wannan ya nuna cewa gasa tana iya kuɓucewa ta ƙofar ma'aikatar lafiya ko da filayen wasa sun kammala.

Da gasa ta kankama, sai aka ga irin abin da hukuma ke iya yi idan sassanta suka haɗa kai. An baza 'yan sanda 41,000, an kuma keɓe kotuna 56 waɗanda ke zama har cikin dare, da alƙalai da masu gabatar da ƙara da tafintoci a shirye. Wasu mutum biyu da suka yi wa 'yan jaridar Fotugal da Sifen fashi a masaukinsu ana jibi buɗe gasa, kafin mako ya fita an kama su, an gurfanar da su, an ɗaure kowannensu shekara 15, a ƙasar da talaka kan shafe shekaru yana jiran a saurari ƙararsa. Haka nan da masu gadin filin Durban suka yi bore a kan haƙƙinsu bayan wasan Jamus da Ostareliya, 'yan sanda suka karɓi tsaron wannan fili da wasu manyan filaye, ba a kuma fasa wasa ko ɗaya ba. Inda igiyar ta tsinke shi ne ranar 7 ga Yuli, daren wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Sifen da Jamus, yayin da jiragen alfarma na masu hannu da shuni suka cika sabon filin jirgin sama na Sarki Shaka suka ƙi matsawa, har jiragen fasinja suka yi ta shawagi, wasu aka juya da su Johannesburg da Cape Town, ɗaruruwan mutane da tikiti a aljihu suka rasa wasan da suka ƙetaro teku dominsa.

Bayan an naɗe tabarma, rahoton gwamnati na 2012 ya nuna an kashe sama da rand biliyan 27, baƙin da suka zo kuwa wajen 309,000 ne, ƙasa da abin da aka yi tsammani, alhali FIFA ta tara sama da dala biliyan 3.6 daga gasar, ga kuma rangwamen harajin da aka yi mata. Ba za a musa cewa an bar abin amfani ba, irin su jirgin ƙasa na Gautrain da motocin Rea Vaya da filayen jirgin sama da aka sabunta. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin gina filin birnin Mbombela, inda aka fitar da yara daga makarantunsu aka mayar da azuzuwan ofisoshin 'yan kwangila, aka bar su suna karatu cikin ɗakunan wucin gadi masu zafi, inda kuma aka harbe kakakin majalisar birnin, Jimmy Mohlala, a ƙofar gidansa a watan Janairu na 2009, bayan ya tona maguɗin da ke cikin kwangilar filin. Kwamitocin da suka iya haɗa ma'aikatu masu yawa domin cika wa FIFA alkawari ba su tsare dukiyar al'umma da irin wannan himma ba, domin sai a watan Yuni na 2013 hukumar hana haɗa baki a kasuwanci ta ci tarar kamfanonin gine-gine 15 rand biliyan 1.46 saboda sun raba kwangiloli a tsakaninsu, har da na filayen gasar. Ɗawainiyar kula da filayen kuwa, bayan tallafin tarayya ya ƙare, ta koma wuyan hukumomin birane, waɗanda ke biyan ta daga harajin mazauna garin.